Sawu Ba Niyya Ba Ne

A tuddan rairayin da suka kewaye Gure, makiyayin da raƙuminsa ya ɓace yakan duƙa ya karanta sawu. Zurfinsa na nuna ko dabbar na ɗauke da kaya, kaifin bakinsa kuma na nuna ko jiya ta wuce ko yau da asuba. Amma ba ya rantsuwa a kan niyyar wanda ya ja akala, domin ɓarawo da mai tsintuwa sawu ɗaya suke bari.

Masu binciken ƙwaƙwalwa da na'urar fMRI su ma sawu suke bi. Tun daga aikin Seiji Ogawa na 1990, abin da na'urar ke aunawa shi ne sauyin iskar oksijin a cikin jini, wanda ke biyo bayan aikin jijiyoyi da kamar daƙiƙa biyar. Ana kasa hoton ƙwaƙwalwa gida-gida, dubun-dubatar gidaje, kowane gida a fitar masa da adadin da ake kira beta: gwargwadon yadda alamar ta tashi lokacin da aka nuna wa mutum, misali, fuskar mai fushi, idan an gwama ta da lokacin hutu. Adadin ya dogara ne ga tsarin lissafin da mai bincike ya zaɓa da kuma abin da ya gwama da shi. In an sauya abin gwamawa, adadin ya sauya, alhali mutumin yana nan yadda yake.

A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa suka ba da rahoton yadda suka saka mataccen kifin salmon cikin na'urar, suka nuna masa hotunan mutane, sai ga wasu gidaje sun haska. Dalili kuwa, wanda ya yi gwaji dubbai ba tare da gyaran lissafi ba, dole dace ya ba shi wani abu. Kafin nan, a 2006, Russell Poldrack ya yi kashedi cewa sashe guda na ƙwaƙwalwa kan motsa a ayyuka da dama, saboda haka haskensa ba hujja ba ce cewa tsoro ko ƙarya ne ya motsa shi.

Shin ya halatta a hukunta zuciyar mutum da irin wannan adadi? A 2010 wata kotun tarayya a jihar Tennessee ta Amurka ta ƙi karɓar gwajin fMRI da wanda ake tuhuma ya gabatar don nuna gaskiyarsa, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 2012. Adadin da bai isa ya wanke mutum ba, bai isa ya kama shi ba.

Wannan ba raina ilimi ba ne. Beta na da amfani wajen gane yadda gani, ji da magana suka rarrabu a ƙwaƙwalwa. Amanar da ke wuyan masani ita ce ya faɗi da me ya gwama, gwaji nawa ya yi, mutum nawa ya auna, sannan ya tsaya inda sawun ya tsaya, kamar yadda makiyayin Gure ke yi in ya iso tsandauri.