Kan babba ya bushe ne?

Ɗan'uwa mai karatu, daga Tasawa har Mayahi, duk inda aka buɗe ajin yaƙi da jahilci sai ka ji wani ya ce: "Ni kaina ya bushe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Da wannan magana mutane da yawa ke aje alli su koma gida. To, gaskiya ce?

Akwai wata na'ura a manyan asibitoci, ana ce mata IRM. Mutum ya kwanta cikinta, ta ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa, ba tsaga, ba ciwo. In wani gefen ƙwaƙwalwa na aiki, jini yakan ƙaru a wurin, na'urar kuwa ta nuna. Malaman jami'a na aiki da ita don su gane yadda mutum ke koyo, su sanar da ɗalibansu.

A shekarar 2010, wani malami ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon auna mutum 63 'yan ƙasashen Barazil da Fotugal. Mutum 10 ba su iya karatu ba, 31 sun koya tun suna yara, 22 kuwa sai da girmansu, kamar kai. Aka nuna musu rubutu. Can wajen ƙeya, ta hagu, akwai wurin da ke gane baƙaƙe. Wurin nan ya amsa har ga waɗanda suka koya da girma. Ashe kan babba bai bushe ba.

Amma ga tambaya. Na'urar ta ce mai karatu ya fi marar karatu hankali? A'a. Jini ta gani, ba hankali ba. Tsohuwar da ke awon gero a kasuwar Korgom tana lissafi da ka, ba ta ɓatar da ko dala. Manomin Kanambakashe ya dubi ƙasa ya san ko ruwan ya isa shuka. Wace na'ura za ta auna amana, ko haƙuri, ko kunya?

Karatu hauya ce, ba rawani ba. Da shi za ka duba takardar likita, ka san abin da kake sa wa hannu. Saboda haka kada ka rena maƙwabcinka don bai iya ba tukuna. In an gama kaka, biya masa ku tafi aji tare.