Yaron da ya duba shanun ubansa

Ɗana, tunda ka ajiye iyali, bari in ba ka labarin mutanen da ka fi sani a fim. Indiyawa mabiya addinin Hindu sun daɗe suna fama da ciwon kan da ke jiranka nan gaba kaɗan: yadda za a sa ɗan shekara 15 ya riƙe littafin addininsa ba don tsoron bulala ba. Aƙidarsu daban, tamu daban, kuma ba kiranka nake yi zuwa gare ta ba. Amma taurin kan saurayi ɗaya ne, a Kano yake ko a Mumbai.

A 1967 wani Ba'indiye, Anant Pai, ya kalli gasar kacici-kacici a talabijin. Yara suka yi ta amsa tambayoyi kan tatsuniyoyin Girkawa, amma da aka tambaye su sunan mahaifiyar Rama, jarumin labarinsu na Ramayana, sai suka yi tsuru-tsuru. Mutumin bai ɓata bakinsa wajen tsine wa yaran zamani ba. Ya kafa Amar Chitra Katha, littattafai masu zane da ke ba da labaran Ramayana da Mahabharata yadda yaro zai karanta ba tare da an sa shi ba. Ƙungiyar Chinmaya Mission kuma, wadda aka kafa a 1953, ta ware wa ƙanana ajinsu na mako-mako, Bala Vihar, ta kuma buɗe wa samari da 'yan mata zaurensu daban, inda ake karatu ana muhawara. Sun gane cewa abincin ɗan shekara bakwai ba ya ƙosar da ɗan sha bakwai.

Littafin da suka fi koya wa matasa shi ne Bhagavad Gita, baiti 700 cikin babi 18. Ka san da me ya buɗe? Da gardama. Jarumi Arjuna ya tsaya a filin daga na Kurukshetra, ya hango 'yan uwansa da malaminsa Drona a sahun abokan gaba, jikinsa ya mutu, ya yar da baka, ya ce shi kam ba zai yi yaƙi ba. Krishna, abin bautarsu da ke tare da shi, ya ɗan yi masa faɗa da farko, amma bai tsaya nan ba. Arjuna na tambaya, ana ba shi amsa, ya sake kawo wata, har ƙarshe aka ce masa ya auna abin da ya ji da kyau, sannan ya zaɓa. Malamin da ya sa yaro ya haddace wannan littafi da harshen Sanskirit don cin gasa, ya kuma hana shi tambaya, bai karanta abin da yake koyarwa ba. Akwai irinsu can, kuma kada ka yi dariya, mu ma ba mu rasa su ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaro Nachiketa na cikin littafinsu Katha Upanishad. Ubansa ya shirya babbar sadaka, sai yaron ya lura shanun da ake rabawa tsofaffi ne tukuf, nono ya ƙafe, ko ciyawa ba sa iya ci. Ya ce, to ni fa baba, wa za ka bai wa? Sau uku yana maimaitawa. Uban ya fusata ya ce mutuwa zai ba shi. Yaron ya tafi gidan Yama, mai mutuwa a aƙidarsu, ya kwana uku a ƙofa ba ci ba sha. Da aka ce ya roƙi abu uku, na farkon da ya roƙa shi ne zuciyar ubansa ta huce. Ashe ba rashin kunya ta sa shi magana ba. Ya ga baki na faɗin ɗaya, hannu na yin wani, ya kasa haɗiyewa.

Naka ma zai duba shanunka. Zai ji ka ce a gaya wa mai bin ka bashi ba ka nan, alhali ɗazu ka gama yi masa wa'azin gaskiya. Ranar da ya tare ka da tambaya mai nauyi, kada ka ce masa ya yi maka shiru. Ka jawo masa tabarma, ka amsa iya saninka, abin da ya fi ƙarfinka kuma ku ɗauki takalma ku je wurin malami tare.