Hukuncin Zanen Talla da Kuɗin Mai Zane

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, wanda duk ya ratsa kasuwar Yelwa ta Yawuri, ko Wara ta ƙasar Ngaski, ko ya bi hanyar Shanga, zai ga bangon kantuna an shafe su da fenti, nan gwangwanin madarar Peak, can dunƙulen Maggi, gaba kuma ruwan ɗorawar MTN. Samari ne ke wannan sana'a, da ita suke ciyar da iyali, kuma da yawansu zuciyarsu ba ta kwanta ba, don sun ji an ce masu yin sura suna cikin waɗanda za su fi shan azaba ranar Alƙiyama.

Sana'ar ba ƙarama ba ce a duniya. Wani Ba'amurke, Andy Warhol, wanda ya mutu a 1987, ya yi suna ne tun 1962 da ya zana gwangwanayen miyar Campbell guda 32. Wani zanensa na kwalbar Coca-Cola an sayar da shi fiye da dala miliyan 57 a 2013, kuɗin da masuncin tafkin Kainji zai ƙare rayuwarsa bai ji ƙanshinsu ba. A Nsukka kuwa, El Anatsui, mutumin Gana, da marafan kwalaben giya yake saƙa manyan mayafai da ake ratayawa a gidajen kallo na Turai.

To, dangane da sura, al'amarin yana da sauƙi. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa wani mai zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan aiki yake ci. Ɗan Abbas ya tsoratar da shi game da surar mai rai, da ya ga hankalinsa ya tashi sai ya nuna masa itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Gwangwani da kwalba ba su da rai. Malaman Malikiyya kuma sun ce haramun shi ne mutum-mutumin mai rai, cikakken gaɓoɓi, mai inuwa. Wanda aka zana a bango ko takarda bai wuce karhanci ba a wurinsu, ko da yake wasu mazhabobi sun fi tsanantawa.

Inda haɗarin yake shi ne abin da zanen ke kira zuwa gare shi. Talla kira ce, mai zanenta kuwa sanƙira ne wanda ba ya barci, dare da rana yana nan a bango. Aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo. Saboda haka allon giya, da na shagon cacar ƙwallo da ta cinye kuɗin kifin samari, kuɗin zana su ba halal ba ne, ko da babu surar kowa a ciki. Wanda ya tsinci marafan kwalba a juji, watau irin El Anatsui, bai kira kowa ga sha ba. Wanda aka biya ya ƙawata kwalbar a bakin hanya ya kira.

Sai kuma ƙarya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya barranta daga mai algus. 'Yan albasa da masu banda a Yawuri sun san wannan hadisi, don sun san buhun da ake jera manya a bakinsa. Allon mai maganin da aka rubuta yana warkar da ciwo arba'in irin wannan buhu ne, kuma mai zane in ya san ƙarya ce yana da kamasho cikin zunubin. In bai sani ba, ya tambayi mai kayan tun kafin ya buɗe gwangwanin fenti, in mai kayan ya yi masa ƙarya alhakin yana wuyan mai kayan. Allah shi ne mafi sani.