Kuɗin Da Kai Kaɗai Ka Ƙirga

Karatu: Ayyukan Manzanni 5:1-11, Romawa 13:6-7

Idan kuɗi ya shigo hannunka, ba wanda ya san yawansa sai kai, shin akwai mai hakki a cikinsa?

Dubi masu kai wa baƙi abinci a gidajen cin abinci na Amurka. Dokar tarayya ta yarda a biya irin wannan ma'aikaci dala 2.13 kacal a awa, muddin tukuicin da baƙi ke bar masa ya cike ya kai dala 7.25. Amma a wurin hukuma tukuici ma albashi ne. Wanda ya samu dala 20 ko fiye a wata, dole ya rubuta wa ubangidansa adadin zuwa ranar 10 ga watan da ke biye. Daga ciki ake cire kashi 6.2 cikin 100 domin asusun fansho na ƙasa, wanda aka kafa a 1935, da kashi 1.45 domin jinyar tsofaffi. Tukuicin da aka biya da kati yana rubuce a na'ura. Wanda aka ajiye a kan tebur kuwa, daga ma'aikacin sai Allah.

Zuciya za ta ce masa: "Kyauta ce aka ba ni. Na yini a tsaye, ga kuɗin haya, ga yara. Me gwamnati za ta rasa?" Kada ka raina wannan kuka, gama talauci ba wasa ba ne. Amma ka tuna da Hananiya da Safiratu. Gonar tasu ce, kuɗin ma nasu ne, Bitrus da kansa ya faɗa. Abin da ya kashe su shi ne sun kawo wani kashi kawai, suka ce duka ne. Wanda ya samu dala 100 ya rubuta 40, shi ma wani kashi kawai ya kawo ya ce duka ne. Manzo Bulus kuma ya umarci masu bi na Roma su biya haraji a zamanin Nero, sarkin da daga baya ya tsananta wa ikilisiya. Bai jira sai gwamnati ta gyaru ba.

Wa ake cuta? Harajin da ma'aikata ke biya yau, shi ake ba tsofaffi, naƙasassu, gwauraye da marayu yau. Mai ɓoyewa kuma yana cutar kansa, domin ana lissafa fanshonsa ne bisa abin da aka rubuta ya samu cikin shekaru 35 mafi tsoka na aikinsa. Abin da ya ɓoye yana saurayi, zai neme shi da furfura ya rasa. In kuwa asiri ya tonu, ana iya ƙara masa tarar rabin harajin da ya ƙi biya.

Ko ba ka taɓa karɓar tukuici ba, kana da naka teburin: canjin da ya rage bayan an aike ka kasuwa, cinikin da aka yi maigida ba ya shago, baikon da aka bar ka kai kaɗai ka ƙirga bayan sujada. A nan ake gane mai aminci, ba a kan bagadi ba.

Akwai hanyar komowa. Hukumar harajin Amurka ma tana da takarda mai lamba 4137, wadda ma'aikaci ke cikewa ya bayyana tukuicin da bai faɗa ba, ya biya. Zakka bai tsaya ga nadama ba, ya mayar da abin da ya ci. Ɗan'uwana, 'yar'uwata, ɗauki biro yau ka rubuta adadin gaskiya.

Addu'a: Ya Uba, kai mai gani a ɓoye, ka tsarkake hannuna da lissafina. Ruhu Mai Tsarki, ka ba ni ƙarfin hali in mayar da abin da ba nawa ba, ka kuma biya bukatata ta hanyar gaskiya. Cikin sunan Yesu. Amin.