Da Wane Mudu Ake Auna Ɗa?

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, ina tsaye a inuwar darbejiya a harabar majami'a, sai wani magidanci da mai ɗakinsa suka matso kusa da ni. Bayan mun gaisa, maigidan ya zaro takarda daga aljihun rigarsa ya miƙo mini, ya ce, "Fada, don Allah ka duba mana wannan, mun kwana uku muna gardama a kanta." Takardar sakamakon gwajin basira ce da wani masanin halayyar ɗan Adam ya yi wa 'yarsu mai shekara goma, bisa shawarar malamar ajinsu, wadda ta lura yarinyar tana gama lissafin da aka ba aji tun ba a gama rubuta shi a allo ba. A tsakiyar takardar an rubuta lamba 134, a ƙarƙashinta kuma bayani da Turanci mai wuya.

Maigidan ya riga ya yanke shawara. Yana so ya cire yayan yarinyar, yaro mai shekara goma sha uku wanda karatu ke yi wa nauyi, daga makaranta, ya kai shi koyon gyaran babur, domin kuɗin da ake kashewa a kansa su koma wajen sa ƙanwarsa a makarantar kuɗi. Ita kuwa uwar, tsoro ne ya kama ta. Ta ce, "Fada, ni dai a ɓoye takardar nan. Bakin mutane ba shi da kyau." Da izninsu nake kawo zancen a nan, ba tare da ambaton suna ba, domin na san akwai gidaje da yawa a Katsina da kewaye da irin wannan tambaya ke jiransu, ko da takarda ko babu.

Kafin mutum ya yi hukunci da lamba, ya kamata ya san inda lambar ta fito. A shekarar 1905 ne wani Bafaranshe mai suna Alfred Binet, tare da abokin aikinsa Théodore Simon, suka tsara gwaji na farko irin wannan a birnin Faris. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne manufarsu: suna neman gano yaran da karatu ke ba wuya ne, domin a taimake su. Binet da kansa ya yi gargaɗi kada a ɗauki sakamakon a matsayin abin da ba ya canzawa. Daga baya Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya gyara gwajin a 1916, sa'an nan David Wechsler ya fito da nasa na yara a 1949, wanda sababbin bugunsa ke cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya. Ana tambayar yaro ma'anar kalmomi, a ba shi zane ya gano abin da ya ɓace a jeri, a karanta masa lambobi ya maimaita su gaba da baya, a auna saurin hannunsa da idonsa. Sai a kwatanta abin da ya yi da abin da tsaransa suka yi.

Wannan kwatancin shi ne dukan ma'anar lambar da Turawa ke kira IQ. An sa 100 ta zama tsakiya. Kusan kashi biyu cikin uku na yara suna faɗawa tsakanin 85 da 115, waɗanda suka haura 130 kuwa ba su wuce kimanin biyu cikin ɗari ba. Ke nan 134 tana cewa yarinyar nan, a ranar da aka gwada ta, a irin tambayoyin da aka yi mata, ta fi mafi yawan tsaranta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban yarda da masu cewa gwajin shirme ne ba. Bincike na shekaru masu yawa ya nuna yana hasashen yadda yaro zai yi a makaranta, kuma sau da yawa yakan tono haziƙin da malamai suka ɗauka mai taurin kai ne, alhali kuwa gundura ce ke damunsa a aji. Amma mudu ne, kuma kowa ya san mudu yakan bambanta da hannun mai awo. Idan aka sake gwajin bayan wata shida, lambar tana iya hawa ko sauka da 'yan maki. Har ila yau, tsaran da ake kwatanta yaranmu da su galibi yaran Amurka ne ko na Ingila, waɗanda suka sha Turanci a nono. Yaron da ya tashi da Hausa a Ƙofar Ƙaura ko a wani ƙauyen Malumfashi, aka tambaye shi da baƙon harshe, in ya sami lamba ƙasa-ƙasa, ba lallai ne ƙwaƙwalwarsa aka auna ba, mai yiwuwa Turancinsa ne.

A nan harshenmu ya fi takardar wadata. Bahaushe yana da wayo, yana da hazaƙa, yana da basira, yana da fasaha, yana da hikima, yana da hankali, kuma bai taɓa ɗaukarsu abu guda ba. In aka ce yaro yana da wayo, ba kullum yabo ba ne. In aka ce yana da hankali, ana nufin ya san girman manya, ya san lokacin magana da lokacin shiru. Hikima kuwa ba a cika jingina ta ga yaro ba sam, domin sai an sha rana ake samunta. Gwajin nan yana kama hazaƙa da wani yanki na basira. Sauran duk suna zubewa ta gefen mudu. Na tambayi uban, "Maigida, cikin 'ya'yanka wa kake aika kasuwa da kuɗi hankalinka kwance?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Babban." Shi ne wanda ake shirin cirewa daga makaranta.

Terman da na ambata ya yi wani aiki da ya dace iyaye su sani. Daga 1921 ya tara yara kimanin 1,500 a Jihar Kalifoniya waɗanda suka sami lamba mai girma ƙwarai, aka bi rayuwarsu har tsufa. Da yawa sun zama likitoci da lauyoyi da malaman jami'a, waɗansu kuma sun yi rayuwa irin ta kowa. Babu ko ɗaya cikinsu da ya ci kyautar Nobel. Amma yara biyu da aka gwada aka ce ba su kai ba, William Shockley da Luis Alvarez, sun ci ta a fannin kimiyyar fiziks, ɗaya a 1956, ɗaya a 1968. Mu ma a Ikilisiya muna da irin wannan labari. Waliyyi Yohanna Vianney, wanda firistocin ikilisiyoyi ke ɗauka a matsayin ubansu, an sallame shi daga makarantar horon firistoci a Liyon saboda Latin ya gagare shi, da ƙyar aka naɗa shi a 1815. Duk wanda ya yi zaman makarantar firistoci, kamar ni, ya san cewa mai zuwa na ɗaya a falsafa ba lallai ne shi jama'a za su riƙa nema da tsakar dare in rai ya yi halinsa ba.

To, amma kada wannan ya sa mu koma ga shawarar uwar, ta ɓoye takarda. Na fahimci tsoronta, domin hassada gaskiya ce, kuma yarinyar da ta fi maza a aji takan ji maganganu. Sai dai misalin talanti da ke cikin Bisharar Matiyu sura 25 bai bar mana wannan ƙofa a buɗe ba: bawan da ya binne abin da aka ba shi saboda tsoro, shi ne aka tsauta wa. Yarinya mai irin wannan kai, in aka bar ta shekara da shekaru tana maimaita abin da ta riga ta sani, takan koyi lalaci, ko ta koyi raina mutane, ko kuma ta koyi ɓoye kanta don kada a tsane ta. Babban taron bishop-bishop na Batikan na Biyu, a takardarsa kan ilimi ta 1965, ya koyar cewa kowane mutum yana da haƙƙin samun ilimi wanda ya dace da iyawarsa, kuma iyaye ne malamai na farko. Haƙƙin yarinyar nan ne a ba ta abincin da ya ishe ta.

Sai dai wannan haƙƙi ɗin, kalma da kalma, shi ne haƙƙin yayanta. Anan ne maganar ta yi nauyi, kuma ba zan yi kamar ban san halin da ake ciki ba. Albashi ɗaya ne, kuɗin makaranta kuwa ba ya jira. Uban ba mugu ba ne, lissafi ya yi irin na manomi: taki kaɗan ne, a zuba shi inda zai fi yabanya. Lissafin yana da kyau a gona, domin gero ba ya jin an fifita wani a kansa. Ɗa kuwa yana ji. Littafin Farawa ya ba mu labarin Yakubu da rigar da ya ɗinka wa Yusufu, labarin da maƙwabtanmu Musulmi ma suka sani sarai, kuma mun san inda fifikon nan ya kai gidan. A cikin misalin talanti ɗin nan kuwa akwai abin da masu wa'azi kan tsallake: wanda aka ba biyu ya kawo biyu, yabon da aka yi masa daidai yake da na wanda aka ba biyar. Ba a auna su da juna ba.

Koyon sana'a ba abin kunya ba ne, Ubangijinmu kansa a gidan kafinta ya girma. In yaron nan yana son gyaran inji, hannunsa kuma ya faɗa, a kai shi da murna bayan ya kammala ƙaramar sakandare, ko ya riƙa zuwa bayan an tashi makaranta. Abin da ba daidai ba shi ne a cire shi domin wata lamba da ba shi aka gwada ba, ya tashi da sanin cewa shi ne kuɗin da aka biya. Ita ma yarinyar an ɗora mata kaya. Daga ranar duk jarrabawar da ta zauna, da guzurin yayanta take zaune. Na ga ɗalibai irin waɗannan a jami'a, waɗanda dukan dangi suka jingina a kansu, ba su da ikon faɗuwa ko sau ɗaya, ba su da ikon cewa likitanci ba shi ne abin da suke so ba. Wasu masana biyu a Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun wallafa bincike a 1998 wanda ya nuna cewa yaran da aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya, sun fi saurin karaya bayan sun faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu. Shi ya sa na roƙi iyayen kada su gaya wa yarinyar lambar. Su gaya mata tana saurin fahimta, kuma saboda haka za a nemi aiki mai yawa daga gare ta.

Akwai kuma hanyoyin da ba sai an sayar da ɗa ɗaya don a sayi ɗaya ba. Tun zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida Gwamnatin Tarayya ta kafa makarantar haziƙai a Suleja, Jihar Neja, bisa manufar ɗaukar nauyin karatun yara masu baiwa daga kowace jiha, kuma hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shigarta. Jihar Jigawa ta gina tata a Bamaina. A nan Katsina, gwamnatin da ta hau mulki a 2023 ta ɗauko aikin makarantu na musamman a Raɗɗa da Jiƙamshi da Dumurkul. Iyaye su tambayi shugaban makarantar 'ya'yansu lokacin da ake rajista, kada su jira labari ya same su a gida. Ko waɗannan ma ba kowace yarinya ce za ta jure kwana nesa da uwarta tana shekara goma sha ɗaya ba, wannan kuwa uwa ce ta fi kowa sani, ba takarda ba.

Duk lokacin da na bi ta wajen tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, yau kuma ya zama gidan tarihi, nakan tuna cewa a waɗannan ɗakunan ƙasa aka koyar da Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Nakan kuma tuna cewa babu 'ya mace ko ɗaya da ta zauna a kan waɗancan bencina, kuma haziƙai nawa ne suka ƙare rayuwarsu a bayan shanu ba wanda ya taɓa tambayarsu komai. Har gobe haka abin yake. Basira tana buƙatar abinci da lafiya kafin ta nuna kanta. Yunwa a shekarun farko na rayuwa, da rashin sinadarin aidin, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, duk suna rage ta. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara, ta kuma taɓa ƙwaƙwalwar da yawa cikin waɗanda suka tsira. Iyalin da suka sami damar kai 'yarsu gwaji suna cikin 'yan ƙalilan, kuma na faɗa musu haka, domin yarinyar ta taso da sanin cewa ana binta bashi.

Bayan mako biyu uban ya same ni a ofis. Ya ce sun bar babban a makaranta, ranar Asabar kuma yana zuwa garejin wani ɗan'uwansu. Malamar ta yarda ta riƙa ba yarinyar lissafin aji na gaba, wata malama mai ritaya daga cikin Zumuntar Mata kuma ta buɗe mata akwatin littattafanta. Za ta zauna jarrabawar Suleja in lokaci ya yi, ko da yake uwar har yanzu ba ta ce ta amince a kai ta ba in ta ci. Na tambaye shi ina takardar. Ya yi dariya, ya ce, "Tana wurin uwarsu, Fada. Ta sa ta a ƙasan adaka, tare da katin baftismarsu su biyun."