Mai Juna Biyu da Maganin Riga-kafin Kanjamau: Ko Rashin Aminci Ne?

Ikkilisiyoyi da yawa a ƙasar nan sun daɗe da kafa ƙa'ida cewa ba za a ɗaura aure ba sai ango da amarya sun yi gwajin jini. Ƙa'ida ce mai kyau, amma gwajin ranar aure ba ya tsare shekarun da ke biye da shi. Akwai matar da ta shiga ɗakin mijinta lafiya lau, ta riƙe alkawarinta a gaban Allah, duk da haka ƙwayar cutar HIV ta iske ta a kan gadon aurenta. Binciken ƙasa na 2018 ya kiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar a Nijeriya, mata kuma sun fi maza yawa.

Lokacin ciki da goyo shi ne mafi haɗari. Likitoci sun gano cewa jikin mace ya fi saurin ɗaukar ƙwayar a watannin ƙarshe na ciki da kuma bayan haihuwa. Wadda ta kamu a wannan lokaci, ƙwayar takan yi yawa ƙwarai cikin jininta a makonnin farko, sai ta wuce ga jariri ta mahaifa ko ta nono, uwar ba ta ma sani ba. In ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 na iyaye mata masu ƙwayar sukan kamu.

Yanzu akwai magungunan da mai lafiya ke amfani da su don kada ta kamu, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira PrEP. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙwayar tenofovir da ake haɗiya kullum, ita ce kuma aka fi sanin lafiyarta ga mai ciki da mai shayarwa. A 2021 aka ƙara da zoben dapivirine da mace ke sa wa a jikinta tana canzawa kowane wata, sai dai kariyarsa ba ta kai ta ƙwayar ba. Allurar cabotegravir ta wata biyu-biyu ta biyo baya a 2022, sannan a 2025 hukumar ta amince da lenacapavir, allura sau biyu kawai a shekara. Ba kowane asibiti ke da dukansu ba, kuma ba a fara ko ɗaya sai gwaji ya nuna mace ba ta da ƙwayar.

To, matar Kirista da ta karɓi irin wannan magani ta yi laifi? Masu cewa ta yi suna da hujja biyu. Ta farko, wai rashin dogara ga Allah ne. Wannan ba ta da nauyi. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro a kan garun Urushalima dare da rana, ba wanda ya kira shi marar bangaskiya. Mai wannan magana ma da kansa yakan rataya gidan sauro.

Hujja ta biyu ce ta cancanci a tsaya a kanta. Aure a kan amana yake tsaye. Matar da ke haɗiyar ƙwaya kowace safiya kamar tana faɗa wa zuciyarta cewa mijinta abin tsoro ne, zato kuwa yana cin aure kamar gara. In kuma a ɓoye take sha, ga asiri ya shiga tsakanin mutum biyu da aka ce sun zama jiki ɗaya. Wannan damuwa ta gaskiya ce, kuma fastocin da ke jin ta ba jahilai ba ne.

Amma a duba su wane ne ake magana a kansu. Akwai matar da mijinta ke ɗauke da ƙwayar, sun kuma sani dukansu. A nan ba zato ba ɓoyo. Maganin yana tsare ta har shan maganin mijin ya danne ƙwayar a jininsa, domin wanda ƙwayar ta kwanta a jikinsa har gwaji ba ya ganinta ba ya sa wa matarsa. Akwai kuma wadda ta roƙi mijinta ya bi ta wurin awon ciki a gwada su tare, ya ƙi, ya sake ƙi, ga shi aiki yana raba shi da gida watanni. Ba ita ce ta shigo da zato gidan ba. Wanda ya ƙi gwajin minti ashirin shi ya buɗe masa ƙofa.

Sannan akwai mutum na uku wanda ba ya iya magana. Mace tana iya cewa ta yarda ta ɗauki haɗari saboda ƙaunar mijinta, amma ran jaririn ba nata ba ne da za ta sa shi caca. Littafin Sama'ila na Fari, sura 25, ya ba da labarin Abigiyel, wadda ta ga hallaka na zuwa wa gidanta saboda taurin kan Nabal. Ta ɗauki guzuri ta tari Dawuda ba tare da ta gaya wa mijinta ba, Dawuda kuwa ya sa mata albarka saboda hikimarta. Abin lura, kashegari da safe ta faɗa wa Nabal kome. Ɓoyonta na ɗan lokaci ne, na ceton rai, bai zama halin zamanta da shi ba. Haka ya kamata a auna matar da tsoron duka ko kora ya sa ta zaɓi allura maimakon kwalbar ƙwayoyi da za a iya gani a ɗaki. Abin kunyar yana kan gidan da gaskiya ba ta da wurin zama a cikinsa, da kuma dattawan ikkilisiya da suka san halin mijin suka yi shiru.

Da gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon lafiya na ƙasashen waje a farkon 2025, mata masu ciki da masu shayarwa ne kaɗai aka ce a ci gaba da ba su wannan riga-kafi daga kuɗin shirin PEPFAR. Zumuntar mata da ta maza suna taruwa kowane mako, kuma a yawancin majami'u akwai nas ko ungozoma a cikin masu sujada wadda za ta iya bayyana wane magani ake samu a asibiti mafi kusa, in fasto ya ba ta minti goma bayan sanarwa.