KIRARIN GARINKU: GADO NE KO BASHI?

 

'Yan'uwa, da wuya ka samu babban gari a ƙasar Hausa da ba shi da kirarinsa. Ka ce Kano, a ce maka ta Dabo tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Ka ce Katsina, a ce ta Dikko ɗakin kara. Sakkwato birnin Shehu, Zariya birnin ilimi, Daura tushen Hausa, Kaduna garin gwamna. Gwamnati ma ba a bar ta a baya ba, kowace jiha da taken da aka buga mata a jikin lambar mota. To, mene ne matsayin waɗannan laƙubba a wurin Musulmi? Kuma idan ka ji ana yi wa garinku kirari har kanka ya fasu, me ka yi da ka cancanci wannan jin daɗin?

Mu fara da asali. Sanya wa gari kyakkyawan laƙabi ba laifi ba ne. Allah Maɗaukakin Sarki da kansa Ya kira Makka Ummul Ƙura, wato uwar alƙaryu, Ya kuma siffanta ta da gari amintacce. Madina a da Yasriba ake ce mata. Manzon Allah (SAW) bai so wannan suna ba, malamai suka ce saboda lafazinsa yana kusa da ma'anar zargi da ɓarna, sai ya riƙa kiranta Ɗaiba, mai tsarki da daɗin ƙamshi. Ya kuma yabi mutanen Yaman da imani da hikima da taushin zuciya. Don haka wanda ya ce duk kirarin gari aikin jahiliyya ne, gaskiya ya tsananta. Son garinku ɗabi'a ce, ba wanda ya ce ka cire ta.

Amma fa mu tambayi kanmu: daga ina kirarin ya fito? Dabo ba dutse ba ne, mutum ne, Sarkin Kano Ibrahim Dabo da ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846. Dikko shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya rasu a 1944. Kano ba ta zama tumbin giwa don ƙasarta ta fi ta kowa ba. Wasu bayin Allah ne suka zauna Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Rumfa, suka yi rini a Ƙofar Mata, suka jeme fata, suka yi fatauci da ƙafa har Gwanja neman goro, ana ba su amanar dukiya suna dawo da ita cif. Sakkwato kuwa, da Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Muhammadu Bello da Nana Asma'u ba su karantar ba, ba su yi rubutu ba, wa zai ce mata birnin Shehu? Ashe kirari shaida ce da duniya ta yi wa aikin wasu mutane, kuma mutanen nan sun tafi da ladansu.

Akwai wani labari a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da ya kamata kowane mai tinƙaho da gari ya sani. Abud Darda'i (RA) yana ƙasar Sham, sai ya rubuta wa ɗan'uwansa Salmanul Farisi (RA) takarda yana gayyatarsa ya taho ƙasa mai tsarki. Salmanu ya mayar masa da amsa cewa ƙasa ba ta tsarkake kowa, aikin mutum ne yake tsarkake shi. Subhanallah! Sham fa ake magana, ƙasar Annabawa. Ina ga garina da garinku? Abu Jahali ɗan Makka ne haihuwa da girma. Bilal asalinsa Habasha, Salmanu daga Farisa. Yau wa kake fatan a tashe ka tare da shi?

Sannan mu sani suna yana iya zama fanko. Halifa Abu Ja'afar Mansur ya gina Bagadaza a shekara ta 145 bayan Hijira, ya raɗa mata Madinatus Salam, birnin aminci. Ta zama cibiyar ilimin duniya. A shekara ta 656 bayan Hijira, wato 1258, rundunar Hulaku ta afka mata, aka kashe Halifa Musta'asim, aka yi wa jama'a kisan kiyashi. Sunan yana nan a littattafai, amincin ya tafi. A Suratun Nahli Allah Ya buga mana misali da wata alƙarya da take cikin aminci da natsuwa, arziki yana zuwar mata ta ko'ina, ta butulce wa ni'imominSa, sai Ya ɗanɗana mata yunwa da tsoro.

Ba sai mun je nesa ba. Taken Borno shi ne gidan zaman lafiya, kowa ya san abin da ta gani tun 2009. Filato ma taken nata na zaman lafiya ne da yawon buɗe ido, ga shi tun rikicin Jos na 2001 ana ta ɗauki-ba-daɗi. Zamfara ta ce noma ne abin alfaharinta, yau akwai ƙauyukan da manomi sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba na faɗin wannan don dariya, kuma Allah Ya tsare ni da cewa zunubinsu ne ya fi na sauran. Jarrabawa tana samun salihai, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin lura shi ne take a jikin ƙarfen mota ba ya tsare gari. Adalci ne yake tsare shi, da yardar Allah.

Yanzu ga inda kirari yake komawa guba. Akwai sunayen da suka kai Muhajirun da Ansar daraja? Alƙur'ani ne fa ya kira su haka. Amma ranar da wani Bamuhajire da wani Ba'ansare suka samu saɓani a wata tafiyar yaƙi, wannan ya yi ihu yana kiran Ansar, wancan yana kiran Muhajirai, Annabi (SAW) ya fito ya kira abin da kiran jahiliyya, ya ce a bar shi domin abu ne mai wari. Suna mai kyau, amma da aka mayar da shi tutar faɗa sai ya yi ɗoyi. To ku duba abin da muke yi a Facebook da TikTok. Mutum bai yi sallar asuba ba, amma ya kwana yana zagin iyayen wani a kan Kano ce gaba ko Kaduna.

Mafi muni kuma shi ne mummunan laƙabin da muke liƙa wa gari sukutum. 'Yan gari kaza mayaudara ne, 'yan yanki kaza marowata, matan wuri kaza ba sa zaman aure. Aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma ya zo a hadisi cewa yana daga mafi girman ƙarya mutum ya yi faɗa da mutum ɗaya sai ya zagi ƙabilarsa gaba ɗaya. Ka yi tunani: gari mai mutum miliyan, ka ce duk ɓarayi ne. A cikinsu akwai mahaddata, akwai tsofaffi masu tsayuwar dare, akwai jarirai. Ranar ƙiyama da wane lada za ka biya su? Kuma kada a ce magana ce kawai. Saboda irinta an hana yaron kirki aure, an hana baƙo hayar ɗaki.

Wani zai ce, Malam, ai wasa ne. Na'am, muna da wasan barkwanci tsakanin Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa. Magabata sun yi shi don ya kashe gaba ya ƙara zumunci. Ma'auninsa mai sauƙi ne: idan kun rabu kowa yana dariya, wasa ne. Idan ɗaya ya tafi da ciwo a zuciya, ka ci mutuncinsa ne ka fake da wasa.

Shawarata ita ce kowa ya ɗauki kirarin garinsu a matsayin bashi. Bakano, idan an ce ko da me ka zo an fi ka, to a fi shi cika mudu da cika alkawari, kar a fi shi algus da ɓoye abinci. Bakatsine, ga 'yan gudun hijira nan sun cika gari, a nan za a ga karar. Bazazzagi, birnin ilimi ne, yara nawa ne a layinku ba sa zuwa boko ba sa zuwa Islamiyya? Basakkwace, ka taɓa zama ka karanci littafi ɗaya na Shehu a gaban malami? Magabata sun biya nasu. Idan muka ci sunan ba mu yi aikin ba, mun zama masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba, kuma Alƙur'ani ya yi gargaɗi mai tsanani a kan haka.

A kabari tambayoyi uku ne, babu "ɗan wane gari ne kai" a cikinsu.

Allah Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya sa mu fi kirarinmu kyau a wurinSa. Amin. Wallahu a'alam.